Neman Ruwan Funtua a Cikin Faifai

Aikin farko da aka taɓa biya na albashi a kansa shi ne ƙirga abin da ke gonar wani. A 1978 ne, ina saurayi da takardar sakandare a hannu, aka ɗauke ni cikin yaran da ke zaga ƙauyuka suna tattara wa shirin bunƙasa noma na Funtua bayanai. Shirin ya fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, kuma su ukun nan su ne na farko a Nijeriya. Namu ya haɗa gundumomin Funtua da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. A lokacin duk muna cikin jihar Kaduna, jihar Katsina sai a 1987.

Kayan aikinmu keke ne da igiyar awo da kamfas da sikeli mai ƙugiya, sai damin takardu masu layi-layi. Kowannenmu an ba shi gidaje da zai riƙa zagayawa. Ka je ka zauna a zaure ka tambayi maigida: wa ya je gona jiya, gandu aka yi ko gayauna, 'yan ƙwadago nawa aka ɗauka, nawa aka biya su, buhun kamfa nawa aka zuba, takin gida mangala nawa. Da kaka kuma mu shata ɗan yanki a tsakiyar gona, mu girbe shi daban, a shanya, a sussuke, mu ɗora a sikeli. Manomi da dami yake lissafin dawarsa, mu kuma kilo ake so mu rubuta, don haka sai an yi ta ciniki kafin a daidaita. Da farko ba a yarda da mu ba. Duk wanda ya zo da biro yana tambayar yawan amfanin gona, a idon talaka ɗan haraji ne. Wani dattijo a wajen Kafur ya taɓa ce mani, "Yaro, ka rubuta abin da ka gani da idonka, amma kada ka sa bakina a ciki." Ko bayan da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, sai da aka ɗau lokaci kafin zukata su saki.

Akwai kuma ma'aunin ruwan sama. An kafa su a cibiyoyin da ake sayar da taki da iri, ga wasu tsofaffi tun na zamanin Turawa a gonakin gwamnati da wuraren harkar auduga. Gwangwani ne mai mazurari, a kafe shi a fili nesa da bishiya. Kowace safiya malamin gona zai juye abin da ya taru cikin kwalba mai zane, ya karanta, ya rubuta a littafi. Ƙarshen wata a kwafe a takarda a aika. Takardunmu Funtua suke fara zuwa, daga nan a ɗaure su a kai Kaduna, inda sashen sa ido kan irin waɗannan shirye-shirye, wanda ake kira APMEPU, yake sarrafa su. Mu dai namu cikawa. Ba wanda ya taɓa dawo mana da labarin abin da aka gano, mu ma ba mu tambaya ba, don a shekarun nan hankalinmu na kan albashi da sayen babur.

Abin da muke rubutawa kuwa ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake ba mu san haka ba. A gaban idonmu masara ta tashi daga 'yar shukar bayan gida, wadda ake gasawa da damina kafin gero ya nuna, ta zama babban amfanin gonar yankin. Farar masarar nan TZB da aka samar a cibiyar IITA ta Ibadan, haɗe da taki mai rahusa da hanyoyin birji da shirin ya fasa, su suka juya noman Funtua. Masu tsara shirin sun ɗora buri mai yawa a kan auduga, abin da aka san ƙasar da shi tun lokacin kamfanin auduga na BCGA da zuwan jirgin ƙasa a ƙarshen shekarun 1920, amma manomi ya duba aljihunsa ya zaɓi masara. Wanda ya ga tirelolin da ke lodi a kasuwar Ɗandume ko Bakori yau, ya ga abin da ya fara a waɗancan shekarun. Kuma duk wannan sauyi, gida-gida, gona-gona, yana cikin takardun da muka cika.

Sai bayan fiye da shekara ashirin na koma neman su. A 2001, ina da iyali da furfura ta fara leƙowa, na koma Zariya ƙarin karatu. Tambayar da na ɗauko ba daga littafi na samo ta ba, daga gonar mahaifina ce. Kowace shekara rigima ɗaya ake yi a gidanmu: an yi ruwa a farkon Mayu, a shuka ko a jira? In ka shuka ruwa ya ɗauke, iri ya ƙone, ka sake saye. In ka jira kuma maƙwabcinka ya riga ka, masararsa ta fi taka cin moriyar damina. Gero yana haƙuri, har binne ake yi masa a busasshiyar ƙasa, amma masara ba ta da wannan juriya, ga irinta da tsada. Tun bayan farin 1973 da na 1983 da 1984 tsofaffi ke cewa ruwa ya canza hali. Ina so in san ko gaskiya ne, in kuma gaskiya ne, da kwana nawa.

Malamina ya nuna mani ma'aunin da M.V.K. Sivakumar ya fitar a 1988 a cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai. A wannan lissafi, ana cewa damina ta kama ne idan bayan 1 ga Mayu aka samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma cikin kwana 30 da suka biyo baya ba a yi fashin ruwa da ya wuce kwana bakwai ba. Ma'auni ne mai ma'ana ga duk wanda ya taɓa riƙe fartanya. Sai dai yana buƙatar abu ɗaya: ruwan kowace rana, na shekaru masu yawa, na wurin da kake magana a kai. Malam ya ce, "Ka je laburare, yanzu komai yana cikin sidi."

Ɗakin kwamfutar laburaren da na riƙa zuwa ƙarami ne, shi kaɗai ne mai na'urar sanyaya ɗaki a ginin, kuma ba don mu aka sa ta ba, don kwamfutar ne. Takalmi a waje ake barin sa saboda ƙura. Akwai rajista da za ka sa suna a ba ka lokaci. Ma'aikacin wurin, wani mutum mai haƙuri da ya girme ni, shi ke buɗe durowa ya ɗauko faifan, ya riƙe shi ta gefe, ya hura, ya sa. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, lokacinka ya tafi, sai ka sake rubuta suna.

Yaran yanzu da suka tashi da Google a aljihu ba za su gane yadda abin yake ba, don haka bari in ɗan tsaya a nan. Faifan da aka fi nema shi ne na CAB Abstracts, taskar da wata hukuma a Wallingford ta Ingila ke tarawa, wadda ta ƙunshi taƙaitaccen bayanin maƙalun noma da aka buga a duniya tun daga 1973. Akwai kuma AGRIS na hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, da ya fara a 1975. Manhajar da ke buɗe su ita ce WinSPIRS ta kamfanin SilverPlatter. Ba ta hasashen abin da kake nufi, ba ta gyara maka kuskuren rubutu. Ka rubuta kalma, ta ba ka lamba da adadin maƙalun da kalmar ta fito a ciki. Ka rubuta ta biyu, ta ba ka wata lambar. Sannan ka umarce ta ta haɗa lamba ta ɗaya da ta biyu, ta tace maka waɗanda suka ƙunshi duka biyun. Dubbai su koma ɗaruruwa, ɗaruruwa su koma goma sha. Kuma tun da kowane faifai shekaru kaɗan yake ɗauka, in ka gama da ɗaya sai a cire a sa na gaba, ka sake bin hanyar. Abin da ya fito sai ka kwashe a fulofi, wanda bai wuce megabait 1.44 ba, ka nannaɗe shi a leda don kada ƙurar hunturu ta cinye maka aikin mako guda.

Har yau ina ganin wannan tsari ya koya mana wani abu da sauƙin yau ya ɗauke. Dole ka san abin da kake nema kafin ka zauna, don babu lokacin lalube. Da daddare nake tsara kalmomina a takarda, in shirya wacce za ta bi wacce.

Ranar da na fara sa sunan Malumfashi a injin, abin da ya fito ya ba ni mamaki. Na zaci zan ga dawa da auduga, sai ga jerin maƙalu kan cututtuka. Ashe a shekarun 1970, lokacin da muke yawo da sikelinmu, wasu likitoci daga makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool da Jami'ar Ahmadu Bello suna nasu aikin a ƙauyukan Malumfashi. Sun buga sakamakon a jere, kowace maƙala da lambarta, a wata mujalla ta Liverpool daga 1977. Ga sunayen H.M. Gilles da R.N.H. Pugh da A.K. Bradley suna ta maimaituwa. Sun ƙidaya mutane gida-gida, sun duba tsargiya da zazzaɓin cizon sauro, sun bi yadda yara ke wanka a madatsar Ruwan Sanyi da yadda dodon koɗin da ke ɗauke da cutar ya yaɗu bayan an tare ruwan, har da maƙala guda kan yadda mutanen yankin ke gamuwa da gamsheƙa. Na tuna motocinsu, na tuna ana cewa masu ɗibar fitsari sun zo makarantar firamare. Ina zaune a Zariya, faifan da aka buga a Turai yana ba ni labarin garin kakannina.

Sunan Funtua kuma ya fito da masana tattalin arziki da masu sukar Bankin Duniya, wasu na cewa shirin ya ƙara amfanin gona, wasu na cewa manyan manoma da 'yan kasuwa da ma'aikata ne suka kwashe romon. Ta wannan hanyar na san cewa J.C. Balcet da W. Candler sun rubuta wa Bankin rahoto a farkon shekarun 1980 kan yadda manoman arewa suka karɓi sabbin dabarun noma, da bayanan da shirin ya tara. Na kuma ga wata maƙala ta 1994 da Joyotee Smith da abokan aikinta suka rubuta kan yadda masara ta mamaye wannan yanki na arewa. Wato gumin da muka yi bai tafi a banza ba, ya shiga littattafai. Amma abin da injin ke nuna maka suna ne da shekara da sakin layi ɗaya. Maƙalar kanta ba ta ciki, balle alƙaluman da aka gina ta a kai. In kana son cikakkiya sai ka duba kantocin laburare ko an yi sa'a akwai mujallar, in babu ka rubuta wa marubucin kati ta gidan waya kana roƙon kwafi. Wasu sukan aiko bayan watanni, a ambulan mai kan sarkin wata ƙasa. Wasu sun bar inda suke, wasu sun rasu.

Daga baya aka kawo TEEAL, wani akwatin faya-fayai sama da ɗari da Jami'ar Cornell ta Amurka ta fara rarrabawa a 1999 da tallafin Gidauniyar Rockefeller, mai ɗauke da cikakkun shafukan mujallun noma fiye da 100. Wannan ya share hawayen ɗalibai da yawa, kuma ni ma na amfana. Sai dai daga 1993 ya fara. Shekarun da nake nema sun riga shi.

Batun ruwan sama kuma wasu faya-fayan ne daban, na FAO. Akwai CLIMWAT, wanda aka fitar a 1993 don ya ciyar da manhajar CROPWAT mai lissafin ruwan da shuka ke buƙata, da tashoshi sama da 3,000 a ƙasashe 144. Akwai FAOCLIM, wanda bugunsa na biyu ya tattara tashoshi sama da 28,000. Ka zaɓi ƙasa, ka zaɓi tasha, ya fitar maka da tebur. Na yi murna da na ga Nijeriya, na ga Kano da Katsina da Gusau da Kaduna. Murnar ba ta daɗe ba. Abin da CLIMWAT ya ba ni matsakaici ne na wata-wata, an haɗa shekaru masu yawa an raba: Mayu kaza, Yuni kaza, Agusta kaza. Ga injiniyan da zai tsara aikin ban-ruwa wannan ya wadatar. Ga manomin masara ba ya cewa komai. Milimita 100 a Mayu na iya zama yayyafi mai kyau da ya bazu cikin watan, na iya kuma zama ruwa biyu kamar da bakin ƙwarya a makon farko sannan rana ta buɗe har mako uku. Na farko shekarar arziki ce, na biyu sake shuka ne, amma a tebur lamba ɗaya suke. Sannan tashoshin da ke da cikakken awo na manyan garuruwa ne da filayen jirgin sama. Samaru ta Zariya na da littafin ruwa tun shekarun 1920, Kano tun 1905, amma Funtua na da nisan kusan kilomita 70 daga Zariya, Malumfashi kuma ta ƙara gaba zuwa arewa, kuma kowane manomi ya san ana iya yin ruwa a Danja a kwana da ƙura a Bakori. Ko New_LocClim da FAO ta fitar a 2005, wadda za ka ba ta wuri ta ƙiyasta maka yanayinsa, daga tashoshin da ke kewaye take jawo lissafinta.

Na yi wa ma'aikacin laburaren ƙorafi wata rana, kamar shi ya buga faifan. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, kwamfuta rumbu ce. Abin da aka zuba shi ake ɗiba. Ku mutanen Funtua me kuka zuba?" Ban ba shi amsa ba, amma da ita na kwana.

Don haka na ajiye fulofi na shiga mota. Shirin Funtua ya ƙare a 1980, ofisoshinsa suka yi ta canza suna da hannu, aka raba jiha, aka raba kaya, aka yi ta ƙaura daga gini zuwa gini. A wani ofishi da ba sai na faɗi sunansa ba aka buɗe mani sito bayan an sha neman makulli. Ga tsofaffin famfunan feshi, ga tayoyin tarakta, ga kwalaye a jibge har rufi. Na ɗaga na farko, gindinsa ya zauna a ƙasa. Gara ta gama da su, abin da ta bari kuma ɗigon rufi ya manne shi ya zama dunƙule. A cikin ɓurɓushin na ga gefen wata takarda irin wadda muke cikawa, da layukanta da nake iya zanawa ido rufe. A wani wurin kuma aka ce mani an kwashe tsofaffin takardu don a samu ɗaki. Wanda ya taɓa sayen ƙosai ko tsire a wancan zamani ya san inda takardun ofis ke ƙarewa. Ba na zargin mutum ɗaya. Babu wanda aka ɗora wa alhakin adana su, babu kasafi, babu kuma wanda ya taɓa zuwa neman su balle a san suna da daraja.

Abin da ya cece ni wani tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya a Malumfashi. Wani abokina ya ce in je in gan shi, mutum ne da ba ya yar da takarda. Na same shi a ƙofar gida bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai ne na farko da ya taɓa tambaya." Ya shiga ciki ya fito da wata adaka. A ciki littattafan rubutu ne na 'yan makaranta, kowane da shekararsa a bango. Duk inda aka tura shi aiki, in ya aika kwafin wata, sai ya bar nasa. Na ce, "Baba, me ya sa kuka riƙa ajiyewa?" Ya ce saboda in takarda ta ɓata a hanya shi za a tuhuma. Tsoron tuhuma ya adana abin da ofis bai adana ba.

Ya ƙi ba ni su in tafi da su, kuma ya yi daidai. A zaurensa na zauna na kwafe su da hannu, sannan na shigar a kwamfuta a Zariya. A nan na san cewa samun alƙaluma rabin aiki ne. Littattafan farko da inci aka rubuta, na baya da milimita, sai ka ninka da 25.4, kuma akwai shekarar da aka sauya a tsakiyar damina ba tare da an rubuta a gefe ba, sai girman lambobin ne ke nuna maka. Babbar matsala ita ce gurbin da aka bari fayau. Ba a yi ruwa ba ne, ko ba a auna ba ne? Ga mai neman fashin kwana bakwai, wannan shi ne komai. Idan ka ɗauki gurbi a matsayin sifili, ka ƙirƙiro fari da ba a yi ba. Sai ka lura kuma Litinin ta fi sauran ranaku ruwa, ba don sama ta san kalanda ba, sai don ruwan Asabar da Lahadi ya taru a gwangwani. Haka bayan Sallah. Tsohon yana zaune kusa da ni yana warware mani: wannan watan ya tafi kwas, wannan an sace mazurarin, wannan kuma matarsa ce ta haihu, yaronsa ya riƙa aunawa. Babu manhajar da za ta gaya maka haka. Da na haɗa nasa da ɗan abin da na tsinta a wasu wurare, na cike da na Samaru inda ya dace, na tace su da manhajar INSTAT ta Jami'ar Reading, wadda aka gina don irin wannan lissafi na ruwan kullum.

Abin da na samu bai girgiza duniya ba. Ranar kamawar damina tana yawo da makonni tsakanin shekara da shekara, ruwan ƙarshen Afrilu da farkon Mayu sau da yawa yaudara ne, kuma kudancin yankin yana riga arewacinsa. Da na faɗa wa mahaifina, Allah ya jiƙansa, sai ya ce, "To, wannan ai ba sai an je jami'a ba." Gaskiyarsa. Bambancin kawai shi ne nasa yana kansa kuma ya tafi da shi, nawa yana rubuce, wani zai iya dubawa ya ƙaryata ni. Alƙaluman da na samu sun yi gajarta da yawan giɓi, ba za su iya yanke hukunci kan ko ruwa ya canza hali ba. Da takardun da muka cika da na waɗanda suka gabace mu suna nan, da tambayar ta amsu.

Cikin 'yan shekaru faya-fayan suka zama tarihi. Wayar salula ta shigo a 2001, shagunan intanet suka buɗe a Zariya da Funtua, muka riƙa kwana a ciki don kuɗin dare ya fi sauƙi kuma layin ya fi gudu. A 2003 FAO ta buɗe AGORA, inda cibiyoyin ƙasashe irin namu ke karanta mujallu kai tsaye. A 2008 Amurka ta saki hotunan tauraron Landsat kyauta. A 2010 Bankin Duniya ya buɗe taskar bayanansa da tsofaffin takardunsa, har na zauna a ɗakina na karanta rahotannin shirin da na yi wa aiki, waɗanda a 1978 ko manyanmu ba kowa ke ganin su ba. Yau ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma ko ta Umaru Musa 'Yar'adua zai iya sauke CHIRPS, wanda masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara suka haɗa, ya samu ƙiyasin ruwan kowace rana na kowane yanki mai faɗin kusan kilomita biyar, ko ya ɗauki TAMSAT na Reading. Abin da na yi watanni ina bi, shi kafin shayinsa ya huce ya samu. Ina taya su murna, ba na cikin tsofaffin da ke ganin wahala ita ce ilmi.

Amma ina jan kunnensu kan abu biyu. Tauraron ɗan'adam ba ya auna ruwan da ya sauka a ƙasa, sanyin saman gajimare yake gani, daga nan a ƙiyasta, sannan a daidaita ƙiyasin da ma'aunan ƙasa. Inda ma'aunan suka yi ƙaranci, ƙiyasin ma yana rauni, ko da taswirar ta fito da launi mai kyau. Na biyu, CHIRPS daga 1981 ya fara, TAMSAT daga 1983. Farin 1973 ba ya ciki, shekarun ruwa mai yawa na 1950 da farkon 1960 ba sa ciki, shekarun da masara ta shigo ba sa ciki. Wanda zai kwatanta damunar yau da ta kakanninsa, takarda kawai ke gare shi. Ga shi kuma a sassan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da Ɗandume rashin tsaro ya sa akwai gonakin da mai su ma bai isa ya je ba, balle yaro da keke da igiyar awo. Shekarun nan ma za su zama giɓi a littafi.

Tsohon nan na Malumfashi ya rasu, kuma tsararsa na ƙarewa. Na tabbata akwai irin adakarsa a gidaje da yawa tsakanin Funtua da Malumfashi: littattafan malaman gona, rajistar fulotin auduga, takardun gonar iri ta Daudawa da wani ya kai gida, littafin ma'aunin ruwan wata makarantar sakandare. Idan mahaifinka ko kakanka ya yi irin wannan aiki, kafin a share ɗakinsa ka buɗe akwatin. Wayar da ke hannunka ta isa: ka ɗauki hoton kowane shafi har da bango, ka rubuta sunan garin da shekarun, ka tambayi wanda ya rage cikin abokan aikinsa inda ma'aunin yake a kafe. Ka kai kwafi cibiyar binciken noma ta Samaru ko sashen nazarin ƙasa na jami'ar da ta fi kusa da kai, ka kuma riƙe na asalin a wurin da gara ba za ta kai ba.